Yadda ake gyaran tsohon gidan siminti da ke kan ƙasar laka, daga tsagar bango har fandisho

Jama'a assalamu alaikum. Duk wanda ya taɓa zama a wasu unguwannin Gombe ko Numan ko can wajen Dikwa da Gamborun Ngala yasan irin ƙasar da nake nufi, baƙar ƙasan nan mai danƙo wadda da damina in ka taka sai ta riƙe maka takalmi, da rani kuma ta dare har hannunka ya shige cikin tsagar, irin firgin Borno da ake dasa masakwa akai bayan ruwa ya janye. Kuma ba can kaɗai take ba, duk unguwar da aka yanka filaye a tsohuwar fadama ko bakin rafi to akwai laka a ƙarƙashi koda anyi ciko da jar ƙasa a sama. Gidaje da yawa da aka gina a irin wannan wuri shekara 30 ko 40 da suka wuce fandishonsu bashi da zurfi, babu rodi a ciki, wasu ma linta mai zagaye gidan babu sai ɗan guntu akan ƙofa da taga. Shine zakaga duk shekara maigida yana kiran birkila a toshe tsaga a shafa fenti, kafin wata sallar ta zagayo tsagar ta dawo daidai inda take. Wallahi kuɗin nan da ake zubarwa yana damuna, domin ciwon ba a bango yake ba, yana ƙarƙashinsa, kuma ruwa ne ke kawo shi.

Laka in ta sha ruwa kumbura take kamar garin kwaki da aka jiƙa aka bari, in ta bushe kuma ta motse, kuma ƙarfin kumburin nan ya isa ya ɗaga gidan da ba bene ba tunda bashi da nauyin da zai danne ta. Matsalar itace ba gaba ɗaya gidan ke tashi ya sauka tare ba. Ƙasar da ke tsakiyar gida a rufe take, rana bata dukanta ruwan sama baya zuba akanta, danshinta bai cika canzawa ba, amma ta gefe-gefe da kusurwa ita ke shan ruwan kwano a watan Agusta sannan ta sha ranar Maris da Afrilu, to kaga gefen yana hawa yana sauka tsakiya tana tsaye, bulo kuma baya lanƙwasa, sai ya tsage ta inda yafi rauni wato kusurwar taga da ƙofa. In ka riƙe wannan a kanka sauran bayanin duk zai zo maka da sauƙi.

Mataki na farko, kafin ka sayi ko buhun siminti ɗaya, ka zagaya gidan ciki da waje da rana tsaka ka karanci tsagar. Ba duka ɗaya bane. Akwai ƙananan tsaga barkatai a fuskar filasta waɗanda ko tsinken ashana baya shiga, in ka ƙwanƙwasa da bayan cokali kaji wajen yana ƙara irin ta abin da ba komai a ciki, wannan filasta ce ta saki, ba abin tashin hankali bane. Wadda ta shafi ƙasa kuwa zakaga ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa tana bin layin bulo hawa-hawa, ta huda bangon har ana ganinta ta ciki da ta waje a wuri ɗaya, kuma gefe ɗaya yafi ɗaya faɗi. In sama tafi buɗewa to yawanci kusurwar gidan ce ke nutsewa ko tsakiya ce ke turowa sama, in ƙasa tafi buɗewa to tsakiyar bangon ne ya zauna, kuma sau da yawa in ka bincika zaka samu akwai fayif ko kwata da ke yoyo daidai wajen. Ƙofar da ke cijewa a wani lokaci na shekara ta saki a wani itama alama ce, musamman ta ƙarfe, don ta katako ko gida bai motsa ba tana kumbura da damina. Tsagar da ta kwanta a jikin linta ko fila tana fitar da jan ruwan tsatsa wannan rodi ne ke ruɓewa a ciki, aikinta daban, zamu zo kanta. Wadda ta miƙe tsaye daidai inda aka haɗa sabon ɗaki da tsohon gini kuma gine-gine biyu ne kowanne ke motsinsa.

Ka auna faɗin kowacce. Wadda bata wuce milimita 5 ba, wato fensir baya shiga, aikin birkila mai hankali ne. Daga 5 zuwa 15 sai an nemo dalili an magance sannan a ɗinke. In ta wuce 15, yatsa na shiga, ko ka saki igiya da dutse daga sama kaga bangon ya karkace, ko dekin ya lotsa, ko fila ta tsage, ko kuma gidan bene ne, dan Allah ka tsaya anan ka nemo injiniyan gini mai rajista da COREN, wato hukumar da ke yiwa injiniyoyi rajista a Najeriya, yazo ya gani da idonsa, kuma a fitar da iyali daga wannan ɗakin tukunna. Kuɗin zuwansa ba komai bane in aka kwatanta da abin da ake gudu.

Mataki na biyu shine wanda mutane basa so, wato jira. Kana bukatar sanin ko tsagar tana motsi ko ta tsaya. Ka buga ƙusa biyu, ɗaya a kowane gefen tsagar, ka auna tsakaninsu da rula ka rubuta a jikin bangon da kwanan wata, sannan ka ja layi da fensir a inda bakin tsagar ya ƙare. Wasu kuma ɗan gilashi suke mannawa da siminti ya ƙetare tsagar, in ya fashe an san ta motsa. Duk wata ka sake aunawa ka ɗauki hoto da waya. In ta buɗe da rani ta rufe da damina to numfashin ƙasa ne, maganinsa daidaita danshi. In kuma buɗewa kawai take bata komawa, to akwai abin da ke nutsewa kuma mai yiwuwa sai an taɓa fandisho. Ka bata rani ɗaya da damina ɗaya. Wannan jiran ba zaman banza bane domin a cikinsa ne zakayi aikin da yafi kowanne muhimmanci, wato raba gindin gidan da ruwa.

Ka fara da rufi. Gidan da ke zubo da ruwan kwano ko na indararo daidai gindin bango duk damina shi ke shayar da lakar da ke karya shi. A sa gata, wato kwararon da ke tare ruwan rufi, a bakin kwano da fayif mai saukowa, kuma kar a bar bakin fayif ɗin a gindin bango, a ja shi mita 2 ko 3 ya zuba a kwata mai siminti wadda ke fita waje, ko a tara a tanki ma a amfana. Sai fayif na famfo da ke binne, gwajinsa mai sauƙi ne, ka cika tanki da daddare ka sa alama ka rufe duk famfunan gidan ka hana kowa taɓawa, da asuba ka duba, in ruwa ya sauka akwai inda yake zurarewa. Sai sokawe da shadda, na sha ganin an haƙa su jikin bango saboda ƙarancin fili kuma kusan kullum kusurwar da ke kusa dasu ce ke fara zama, in fili ya bari a matsar da sokawe kamar mita 5 daga ginin, in bai bari ba aƙalla a tabbatar fayif ɗin da ke kai ruwa can baya yoyo kuma murfin baya shan ruwan sama. Ka duba wajen wanke-wanke da wajen alwala da inda ake ajiye randa, da ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki, da fulawar da ake shukawa jikin bango ana bata ruwa safe da yamma, duk waɗannan suna jiƙa gefe ɗaya su bar ɗaya a bushe, kuma wannan bambancin shine ke tsaga gida. In lambatun maƙwabci ne ke tsiyaya ta gindin katangarka kaje ku zauna da mutunci, ko da kai zaka sayi simintin gyaran ka saya, ribar taka ce.

Daga nan sai daɓen da zai zagaye gidan ta waje, wanda ni a ganina shine rabin maganin. Faɗinsa kar ya gaza mita 1, in da hali mita 1 da rabi. A kwashe ƙasar sama kamar santimita 20, a zuba burji a yayyafa ruwa kaɗan a daddaɓe sosai, a shimfiɗa leda mai kauri, sannan a zuba kankare mai kaurin santimita 8 zuwa 10. A bashi gangara zuwa waje, kamar santimita 5 a kowace mita, kuma kar ka yarda da ido, ka sa a ɗauki lebul da siririn tiyon ruwan nan na magina. Abu biyu ake yawan kuskurewa. Na ɗaya a manne daɓen da bango, to in ƙasa ta motsa sai ya tsage daidai mahaɗar ruwa ya riƙa bi ta nan kai tsaye zuwa fandisho, gara a bar tazarar santimita 1 ko 2 a cike da kwalta ko wani abin toshi mai laushi wanda ke miƙewa. Na biyu a zuba shi dogo ba yanka, alhali ya kamata duk mita 2 a raba shi a cike rabon da kwalta, saboda in zai tsage ya tsage inda ka zaɓa masa. Bakinsa na waje a nutsa shi ƙasa kamar santimita 30 zuwa 45 don ruwa kar ya koma ta ƙarƙashi. Lokacin da yafi dacewa shine bayan ɗaukewar ruwa, Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin ƙasa bata jiƙe sharkaf ba kuma bata bushe ƙamas ba, in ka rufe ta a Afrilu tana ƙishirwa to daga baya zata ja danshi ta kumbura ta ɗaga maka daɓen.

Maganar bishiya kuma a bi a hankali. Darbejiya da mangwaro da turare da cediya suna zuƙe ruwan ƙasa da rani, laka ta motse a gefen da suke, kusurwa ta zauna. Abin da aka saba bi shine nisan bishiya da gini ya kai tsawon da zata yi in ta girma. Amma in bishiyar ta girme gidan ko sun daɗe tare, kar ka tashi rana ɗaya ka sare, saboda ƙasar da ta saba a bushe zata fara tara ruwa ta kumbura shekara da shekaru tana ɗaga wannan gefen. A rage rassa kaɗan-kaɗan duk shekara, ko a haƙa siririn rami tsakaninta da gida nesa da fandisho a datse saiwoyin da suka nufo ginin a zuba kankare ya zama shinge. Inuwa a garuruwanmu ba abin wasa bace, ban cika son a sare ba sai ya zama dole.

Gidaje da yawa daga an yi waɗannan motsin ke raguwa sosai har a wuce kai tsaye zuwa ɗinki. In kuma ma'auninka ya nuna kusurwa na ci gaba da nutsewa, sai a duba fandisho. A haƙa ɗan rami ɗaya jikin bangon ta waje a ga zurfinsa da kaurinsa da irin ƙasar da ya zauna akai, a rufe a ranar. In ya tabbata yana zaune ne a cikin lakar da ke jiƙa tana bushewa, maganin shine a ƙara masa ƙafa ta ƙarƙashi har a kai inda danshi baya canzawa, a baƙar ƙasa wannan kan kai mita 1 da rabi ko fiye, kuma injiniya ne zai faɗi zurfin ba birkila ba. Zan faɗi yadda aikin yake ne don ka iya sa ido. Ana raba tsawon bangon gida-gida, kowanne kamar mita 1, a sa musu lamba. Ba'a taɓa haƙa biyu da ke jere a lokaci ɗaya, kuma ba'a barin fiye da kashi 1 cikin 4 na bangon a rataye. A haƙa na 1 a shiga ƙarƙashin tsohon fandisho a share ƙasar da ta manne masa, a zuba kankare a ranar don kar ramin ya sha iska ya bushe ko ruwa ya shiga, a tsaya saura kamar santimita 5 zuwa 7 a taɓo tsohon. Washegari ko bayan kwana 2 a cusa kwaɓin siminti 1 yashi 3 mai ɗan danshi kawai, wanda in ka dunƙula a hannu zai tsaya ba ruwa, a dinga dura shi da guntun katako da guduma har ya cike tam. Wannan durin shine ke ɗaukar nauyin gidan, in anyi shi sakwa-sakwa duk aikin ya tashi a banza. Sai a tsallaka zuwa na 3, sannan na 5, a dawo na 2 da na 4 bayan na kusa dasu sun samu kwanaki sun yi ƙarfi. Da rani ake wannan aikin, kuma duk ramin da ya wuce ƙugun mutum a tokare gefensa da katako, laka na ruftawa ba sallama kuma ran lebura yana wuyanka. Ka kuma sani in aka ƙarfafa kusurwa ɗaya tak sauran gidan na ci gaba da motsi, wata tsagar na iya fitowa a mahaɗa, shi yasa aikin ruwa yake gaba da komai.

To yanzu ɗinkin bango. Kar a yi shi a ƙarshen rani lokacin da tsagar ta gama buɗe baki, in ka cika ta da siminti mai tauri a lokacin, damina na zuwa bango zai so ya koma ya rasa wuri sai ya fasa wani wajen. Nuwamba zuwa Janairu yafi. A fara da sassaƙe filasta kamar santimita 20 kowane gefe har bulo ya fito. A buɗe bakin tsagar da kurfi ko injin yanka, a kakkaɓe ƙura da buroshi a wanke. Sai a yanka layin simintin da ke tsakanin bulo, a kwance, ya ƙetare tsagar da santimita 50 hagu 50 dama, zurfin kamar santimita 3 zuwa 4, ana tsallake layi ɗaya ana yanka ɗaya tun daga ƙasa har sama. A jiƙa ramin sosai amma kar ruwa ya kwanta, a cusa kwaɓi 1 da 3, a danna rodi mai milimita 6 ko 8 a ciki, a sake rufe shi da kwaɓi yadda ba inda ƙarfe ke leƙowa, in ka samu rodin da baya tsatsa yafi don abin da ya rufe shi ba kauri. Bangon inci 9 a yi masa ciki da waje. Bulon da ya farfashe a cire shi ɗaya bayan ɗaya a sa sabo, ramukan bulon da ke bakin tsagar kuma a huda a cika su da kankare mai ƙananan tsakuwa. Ita tsagar kanta a cike ta da kwaɓin da bai fi bulon ƙarfi ba, siminti 1 yashi 5 ko 6, mutane na ganin yawan siminti shine inganci amma a tsohon bulo mai laushi kwaɓi mai tauri ɓantaro gefen bulon yake. Kafin filasta a buga ragar waya irin ta kejin kaji ta rufe wajen duka ta hau kan tsohon gini, sannan a yi filasta 1 da 4 ko 1 da 5. Waccan tsagar ta mahaɗar sabon ɗaki da tsoho kuwa ba'a ɗinke ta, gyara bakinta ake ya miƙe a cike da abin toshi mai laushi a barta tayi motsinta. In kuma asalin bangon na tubali ne aka yi masa rigar siminti, to da ƙasa irin tasa ake cike shi, rodi da kwaɓi mai tauri basa kama jikin ƙasa.

Linta ko fila ko dekin da ya fashe rodi ya fito, dalilinsa tsatsa ce, ƙarfe in yayi tsatsa yana ninka girmansa sai ya turo kankaren waje. A fara tokare wajen da katako mai ƙarfi kafin a ɗaga guduma. A farfasa duk abin da ya saki har a kai kankare mai kyau, a bi rodin har inda yake fes, kuma a shiga bayansa kamar santimita 2 yadda yatsa zai zagaya shi, wanda ya shafa siminti a fuska kawai ya bar tsatsa a baya shekara 2 ma da wuya ya kai. A goge rodin da buroshin waya har yayi haske. In tsatsa ta cinye kamar kashi 1 cikin 5 na kaurinsa to sai an ƙara sabo an ɗaure su tare da isasshen haɗi, wannan ma a tambayi injiniya. Kar a shafa masa baƙin mai ko fentin mai, suna hana siminti kamawa, ruwan siminti mai kauri ake shafawa, in an samu maganin haɗa sabon kankare da tsoho da ake sayarwa a shagunan kayan gini a zuba a ciki. Tun bai bushe ba a cusa kwaɓi 1 da 3 hawa-hawa kar a lafta lokaci ɗaya, in ramin babba ne a kafa katako a zuba kankare. Rodi ya samu rufin aƙalla santimita 2 da rabi, wanda ke cikin ƙasa 5. In dekin ne a hau sama a toshe inda ruwa ke kwanciya, in ba haka ba gyaran ƙasa bashi da amfani.

Daɓen ɗaki da ya kumbura ko tayil ke fashewa a layi, faci baya yi masa. A fasa, a kwashe laka kamar santimita 45 ko fiye amma kar a wuce gindin fandisho kuma kar a haƙe jikin bango duka a lokaci ɗaya, a cike da burji santimita 15 a daddaɓe a ƙara 15 a daddaɓe, a shimfiɗa leda a haɗa bakinta ya hau juna, a sa ragar ƙarfe a ɗaga ta kan ƴan duwatsu, a zuba kankare santimita 10, a bar ƴar tazara tsakaninsa da bango. Gishirin nan da ke cin gindin bango filasta na zubowa kamar gari kuma danshi ne ke hawowa daga ƙasa, sau da yawa saboda titi ko tsakar gida an ta ciko har sun fi daɓen ɗaki tudu. A rage ƙasar waje ta koma aƙalla santimita 15 ƙasa da daɓe in zai yiwu, a sassaƙe filastar har santimita 30 sama da inda alamar ta tsaya, a bar bangon ya sha iska makonni, a goge gishirin a bushe ba da ruwa ba, sannan a sake filasta da maganin hana ruwa a cikin kwaɓin. Masu manna tayil ko fentin mai a wajen su sani danshin baya mutuwa, hawa yake ya fito ta saman tayil ɗin.

Kayan aiki kuma ka tsaya akai da kanka. Siminti ko na Ashaka ne ko Dangote ko BUA duk buhu kilo 50 ne, abin dubawa shine sabo ne ko ya kwana biyu, in ka ji dunƙule-dunƙule masu tauri a ciki ka mayar. Buhu ɗaya kusan kwanon sarki 2 ne, saboda haka kankaren 1 da 2 da 4 shine buhu 1, yashi kwano 4, tsakuwa kwano 8, ka ƙirga da idonka don anan ake cin amanar mai gida. Yashi ya zama na rafi mai kaushi, ka zuba kaɗan a kwalba da ruwa ka girgiza ka ajiye, in laka mai kauri ta kwanta a sama to ba na aiki bane, kuma a yankin baƙar ƙasa wannan na faruwa sosai. Ruwan kwaɓi ya zama wanda zaka iya sha, kuma kar a tsinka kwaɓin don lebura yaji sauƙin juyawa, yawan ruwa ke kashe ƙarfin kankare. Kwaɓin da ya fara daskarewa a zubar, ba'a farfaɗo da shi da ruwa. Bayan an gama a shayar da aikin kwana 7 aƙalla, tunda lokacin hunturu ne iska na busar da siminti kafin ya kama, a rufe da buhun algarara a jiƙe ko leda, safe da yamma ana zuba ruwa, amma a jikin aikin ba a malala shi gindin bango ba. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafi dashi, don haka tokaran da ke ƙarƙashin dekin ko bim, wato gungumen kankaren da ke ɗauke da dekin, kar a yi gaggawar cire su.

Fenti kuma ka haƙura dashi tukunna. Ka bar ƙusoshin awon nan guda biyu ko uku a wuraren da suka fi tsagewa, ka ci gaba da aunawa har damina ta gaba ta wuce, in lambar bata canza ba sai ka kira mai fenti. Kuma tun wajen ciniki ka gaya wa birkila cewa shayarwar kwana 7 na cikin aikinsa, ka riƙe wani abu daga kuɗin sai ranar da aka cika ta, sannan duk farkon damina ka bi bakin daɓen waje ka sake zuba kwalta inda ta tsage ka kuma yashe gata da kwata kafin ruwan farko ya sauka.